Kujerar Gaban Motar Dusa

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da aka zaunar da ni a ƙasa a bakin wani shinge da ke hanyar fita Jibiya ba, hannuwana ɗaure ta baya, jama'a suna ta ɗaukar hotona da waya kamar an kamo kura an kawo kasuwa.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don dariyar ta yi muku daɗi sosai. Ɗan sandan soja ne ni, waɗanda ake kira masu jar hula. Aikinmu kama soja idan ya yi laifi. Farar hula suna tsoron soja, soja kuma yana tsoronmu. Na zauna barikoki da dama, kudu da arewa. Na kulle mashaya, na kamo waɗanda suka gudu daga bakin aiki, na tsaya ƙofar bariki ina buɗe bayan motar hafsoshi suna hararata ina hararsu. Sababbin yaran da ake turo mana kuwa, abin da nake fara cusa musu a kai shi ne, duk wanda ka samu a cikin mota, shi da kayan motar abu ɗaya ne, kuma kada ka saurari "ban sani ba". Na faɗi wannan magana har ta zama kamar sunana.

Da na ajiye aiki da muƙamin saje, na kwaso iyalina muka dawo Jibiya, kusa da ƙauyenmu na wajen Daddara. Na zaci in na dawo za a yi layi a ƙofar gidana ana neman shawara. Layin da na gani shi ne na masu jiran fansho, ni ma na bi sahu. Na gwada noma, bayana ya ce ba da shi aka yi wannan yarjejeniya ba. Na gwada kiwon kaji, suka mutu gaba ɗaya kamar an ba su oda.

Ana cikin haka sai wani Alhaji ya aiko a kira ni. Attajiri ne mai sito-sito a Magama, manyan motocinsa suna ɗaukar hatsi da dusa zuwa Maraɗi da ƙauyukan da ke kewaye. Ya zaunar da ni a kan kafet, aka kawo lemo mai sanyi. Ya ce, "Saje, ai ƙasar nan ta yi asara da ta sake irinku. Shugaban tsaro nake nema, mutum mai gaskiya, wanda kowa ya san fuskarsa." Kunnena ya kama "mai gaskiya" ya riƙe gam. Maganar fuska kuwa ta wuce ta gefe, ban ko waiwaye ta ba.

Haka na zama shugaban tsaro. Ofishina benci ne a gindin darbejiya, rundunata kuma tsofaffin masu gadi biyu, ɗaya ba ya ji, ɗayan ba ya farkawa. Ainihin aikin shi ne rakiya. Idan wata mota za ta fita, sai a ce, "A kira Oga." In shiga kujerar gaba, in ɗora tsohuwar jar hulata a jikin gilashi, wai saboda ɓarayin hanya. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san shingaye, ba ka gama amsa gaisuwar wannan ba ka iso wancan. Amma da masu shinge sun hango hular nan da furfurata, sai ka ji, "Sannu Baba Saje, a wuce." Ni kuwa in ɗaga hannu a hankali kamar gwamna ya zo rangadi. Wallahi daɗi nake ji. Har rage cin tuwo na yi don kaftanina ya zauna daidai.

Mai ɗakina ce kaɗai ba ta ga abin burgewa ba. Wata rana tana zuba mini ruwan wanka ta ce, "Malam, ni fa ban gane ba. Gadin da na sani a bakin ƙofa ake yin sa. Wane irin gadi ne kullum a gaban mota? Kuma da bakinka ka ce ba a yin lodi sai ka tafi sallah ko cin abinci." Na dube ta daga sama har ƙasa na ce harkar tsaro ba dakan fura ba ce, ta bar wa masu ita. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da hantsi. An ce mu kai dusa wani ƙauye da ke kan hanyar da ta nufi Zamfara. Direban mutumin Maraɗi ne, mai surutu kamar rediyo, amma ran nan ya yi gum, sai share gumi yake. Ina jin warin fetur yana shigowa ta taga, na tambaye shi. Ya ce, "Tankin kamiyon na ɗiga, Saje, ba komi," wato tankin motar. Ni da na yi rayuwata ina shinshinar ƙarya a bakin sojoji, na ce to, na ɓare goro. Ban ko tuna cewa motar ba fetur take sha ba.

Ashe an canja mutanen shingen. Babu ko ɗaya daga cikin masu ce mini Baba Saje. Wani matashin laftana ne a tsaye, siriri, ko gemu bai gama fito masa ba. Na leƙo na yi masa gaisuwa irin ta bariki. Ya dubi hular, ya dube ni, ya ce, "Baba, sauko."

Na ce, "Yaro, ka san da wa kake magana?"

Ya ce, "Yanzu za mu sani."

Yaransa suka hau bayan mota suka fara jefo buhuna ƙasa. Ni ina gefe, hannu a ƙugu, ina shirya irin faɗan da zan yi masa idan sun gama ba su ga komai ba. Har na tsara inda zan ce a zamaninmu ana girmama na gaba. Suna ɗaga buhunan sama, sai ga jarkoki jere reras, cike da fetur. A bayansu katan-katan na ƙwayoyi, can ƙurya kuma sababbin tayoyin babur. Ko jariri a Jibiya ya san su wane ne a daji suke buƙatar waɗannan abubuwa uku a tare.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ba sai an ce in zauna ba, amma duk da haka an ce, kuma an ɗaure ni tare da direba. Masu zuwa kasuwa suka tsaya, masu babura suka faka. Wata tsohuwa ta matso ta tofa yawu kusa da ƙafata ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni. Wani mutum da muke sahu ɗaya a masallaci, wanda ko jiya ya karɓi gorona, ya ce da ƙarfi, "Ai ni dama na daɗe ina zargin tsohon nan." Allah ya ƙara masa basira. Da na ga samari sun fara sunkuyawa suna tsintar duwatsu, sai na gane ba maganar kunya ake ba kuma, maganar rai ake. Laftanan nan da na kira yaro shi ya shiga gabanmu, ya daka tsawa, ya sa aka jefa mu cikin motarsu. Ba don shi ba, da wani ne yake ba ku labarin nan, kuma da ba haka zai ba da shi ba.

A sansani, tunda na ce ni tsohon soja ne, sai aka kira 'yan sandan soja su tantance. Wanda ya shigo yarona ne, ni na koya masa yadda ake ɗaura farin bel. Yanzu ya zama saje, har da ɗan tumbi. Ina ganinsa na ce alhamdu lillahi. Ya ƙame, ya sara mini kamar yadda ya kamata, sannan ya ce, "Oga, ciro bel da takalmi."

Na ce, "Haba, kai ma? Wallahi ban san abin da ke cikin motar nan ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, wannan ita ce amsar da ka ce kada mu saurara."

Ban taɓa jin alfahari da ɗalibi ba, kuma ina son in shaƙe shi, kamar a wannan lokaci.

Na ce a kira Alhaji, shi zai warware komai. Aka kira shi a gabana, aka buɗe murya kowa yana ji. Ya yi sallama mai tsawo irin ta mutanen kirki. Da aka gaya masa abin da ake ciki sai ya ce, "Wane Saje? Af, tsohon nan da ke zama gindin bishiya? Ai taimaka masa nake saboda Allah. Motar kuwa direba ne ya ɗauka ba da sanina ba." Ƙasar da ta yi asarar irina ke nan. Kafin a je ɗauko shi, aka ce ya tsallaka iyaka ya tafi duba lafiyarsa.

Aka sa ni a gadurum, wato ɗakin da muke kulle sojoji masu laifi. Na san irin ƙofar nan sarai, amma daga waje. Ban taɓa lura ba ta da mariƙi ta ciki ba. Da can idan wanda na kulle ya yi ƙorafin sauro ko warin bokiti, nakan ce masa nan ba otal ba ne. To, na je na gani da idona, ina tabbatar muku gaskiya na faɗa. Abin da ya fi sauro cizo shi ne tunanin 'ya'yana. Hoton bidiyona ya riga ya zagaye gari, an rubuta a ƙasansa wai an kama tsohon soja mai kai wa 'yan bindiga mai. 'Yata ta daina zuwa islamiyya. Kuma na san irin hukuncin da ke jiran mai wannan laifi, ba sai an karanta mini ba.

Direba ya ƙi magana kwana da kwanaki, saboda Alhaji ya taɓa yi masa alkawarin in ta ɓaci zai fitar da shi. Abin da ya buɗe bakinsa matarsa ce. Ta ɗebi 'ya'yanta ta je gidan Alhaji neman abin da za su ci, aka rufe mata ƙofa a fuska. Da ta zo ta gaya masa, sai ya ce a kira masu bincike, kuma a kawo ni in ji.

Ya ce, "Wallahi tsohon ga bai san komi ba. Alhaji ya ce kar wanda ya kuskura ya gaya mishi, don in ya sani za a gani a idonshi. Ya ce a dai riƙa ce mishi Oga, a ba shi kujerar gaba, a sayo mishi goro. In an yi haka, ko gawa aka loda ba zai leƙa ba."

Wani daga cikin masu binciken ya kai hannu ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa. Aka kamo masu lodi, su ma suka faɗi haka, har suka ƙara da cewa in za a loda kayan, wani ake sa wa ya ja ni da hirar yaƙi a wajen mai shayi. Kun ga yadda aka wanke ni. Ba a kawo shaidar cewa ni mutumin kirki ne ba, shaidar cewa ni wawa ne aka kawo, kuma hujjojin sun yi ƙarfi har ni kaina na gamsu. Ranar da za a sake ni babban hafsan sansanin ya ce, "Baba, mun tabbatar ba ka da hannu." Sannan ya ƙara da cewa, "Ido ma ba ka da shi."

Mai ɗakina tana bakin ƙofa da kwanon abinci. Na shirya jin "ai na gaya maka", amma ba ta faɗa ba. Ta miƙo mini takalmi ta ce, "Sannu da harkar tsaro, Malam." Na gwammace ta mare ni.

Bidiyon kama ni ya kai har Legas, na sakina kuwa babu wanda ya ɗauka, ina jin cajin wayoyin ne ya ƙare. Alhaji har yau yana can yana duba lafiyarsa, da alama ciwon mai tsanani ne. Ni kuma na samu gadi a wani ƙaramin asibiti a cikin gari, gadi na gaske, a bakin ƙofa, ba mai ce mini Oga.

Amma abin da ya sa na kasa mantawa ba gadurum ba ne. Cikin masu zuwa yi mini jaje har da ƙanwata. Tana aure a wani ƙauye wajen Gangara, 'yan bindiga suka shiga garin a kan babura, suka kashe mijinta a gonarsa, ta dawo Jibiya da marayu tana zaune a ɗakin aro. Ta jira har kowa ya watse, sannan ta matso ta ce, "Yaya, ka daɗe kana raka motocin nan?"

Na ce na daɗe.

Ta ce, "To man da suka zuba suka zo garinmu, a ciki yake?"

Ban sani ba, kuma a karon farko na ji da kaina yadda wannan amsa take da wofi. Ta gyara hijabinta ta ce, "Allah ya sa ba shi ba ne." Ta tashi ta tafi. Har yau muna zumunci, tana aiko mini da fura, ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin da na koya shi ne, hukuma tana iya cewa ba ka da laifi, amma wannan ba ya nufin ba a cuci kowa da kai ba. Duk wanda ya ɗaukaka ka fiye da aikin da kake yi masa, ka tsaya ka tambayi kanka me yake saye a wurinka, tun kafin wata ta zo ta yi maka tambayar da za ka mutu ba ka amsa ba.