Ƙullin Baba a bayan kwamfuta

Ni na haɗa kwamfutar da hannuna, kuma na daɗe ina faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Akwatinta na saya a hannun wani mai shagon buga takardu a nan Daura da ya tashi daga sana'ar, kayan cikin kuma na tsinto su ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Kano, wani sabo wani kwance. Abin da ya fi kumbura mini kai shi ne babbar manhajar da na ɗora mata. Kamfanin da ya yi manhajar don kwamfutocinsa kaɗai ya yi ta, masu tsadar da ko taɓawa ban taɓa yi ba. Sai an yi mata dabara, an sa wani ɗan shiri a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, shirin ya riga ta tashi, ya lallashe ta cewa a gidansu take, sannan ta yarda ta buɗe. Mako uku na yi ina fama kafin ta yarda, daga nan na koma gyaran bidiyon biki da na suna da ita.

A cikin makonnin nan filashin ya ɓace mini ya fi sau biyar, don bai kai ɗan yatsa ba. Baba, wanda sana'arsa hatsi ce kuma bai taɓa kiran kwamfutar da wani suna ba sai "akwatin nan naka", shi ya tsince shi wata rana a ƙarƙashin tabarma. Ya samo siririyar fata ya zura a hujin filashin, ya yi mata irin ƙullin da yake yi wa makullan rumbunsa, ƙulli biyu da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, ya miƙo mini. Na soka shi a bayan akwatin, na juya akwatin ya fuskanci bango, na ci gaba da harkokina.

Bayan shekara uku Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ba a yi arba'in ba maganar gona ta taso. Muna da gona a ƙauyenmu na wajen Zango, tana iyaka da ta Baffa, ƙanen Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Baffa ya ce kunya shida da ke gabas da tsamiya nasa ne. Ni kuwa tun da na yi wayo mu ke noma su. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran kaina. A gaban mai gari da liman na ce ai ina da shaida, domin damina biyu da suka wuce na bi Baba ya zagaya iyakar gonar yana bayani, ni ina ɗauka da waya. Wayar ta daɗe da mutuwa, amma bidiyon yana cikin kwamfuta. Gaskiyar magana ban san abin da Baba ya faɗa a ciki ba, don a ranar hankalina yana kan kada hoto ya girgiza, kuma ban sake kallonsa ba. Mai gari ya ce a kawo shaidar ran Asabar, in ba ta zo ba sai dai a je gaban alƙali kafin ruwan shuka ya sauka. Kowa a wurin ya san in ɗa ya tsaya da ƙanen ubansa a kotu, zumuncin gidan nan ya tafi ke nan.

Tun ranar rasuwa ban kunna kwamfutar ba. Ɗakin aikina aka ba matan da suka zo ta'aziyya daga ƙauye, yayata da ke aure a Mai'adua ita ta kwashe kayan ta kai su ɗakin ajiya. Ran Litinin na fito da ita, na jona wayoyi, na danna. Fanka ta juya, fitila ta kama, sai allo ya tsaya baƙi da ɗan rubutu layi guda, wai ba ta ga inda za ta tashi ba.

Na yi duk abin da na sani da wanda ban sani ba. Na zare sandunan ƙwaƙwalwarta na goge bakinsu na mayar. Na canza ɗan batir mai kama da kwabo da ke ciki. Na shiga saitinta na farko na bi layi-layi. Na tambaya a wani zaure na intanet inda masu irin wannan karambanin ke taruwa, wani bawan Allah daga wata ƙasa ya turo mini nasa shirin. Na sa a sabon filashi, kwamfutar ta fara zubo farin rubutu kamar za ta tashi, ta tsaya cak a tsakiya, saboda kayan cikinsa daban nawa daban. Ran Laraba na cire faifan ajiyar na kai shagon wani abokina muka jona a tasa kwamfutar. Tasa ba ta iya karanta irin wannan faifan ba, sai ta tambaya ko a wanke shi, wato a goge duk abin da ke ciki. Hannunsa na kan madanni na riƙe shi.

A bakin layinmu akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, abokin hirar Baba. Ran Alhamis da hantsi ya gan ni na wuce da akwatin a ka karo na uku, ya kira ni ya ce in sauke kafin wuyana ya gajarce. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, kuma a shekarunsa ba ya shirin saninta, amma duk rediyon da aka kawo masa ba ya kwance ta sai ya tambayi mai ita abu biyu: yaushe ta yi magana ta ƙarshe, kuma hannun wa ya taɓa ta bayan nan. Na ce ba wanda ya taɓa ta, ɗauke ta kawai aka yi. Ya ce to shi wanda ya ɗauke ta da ƙafa ya ɗauka?

Na ji haushi, don na so a ce matsalar babba ce daidai da ilimina. Amma na kira yayata. Ta ce ita ba ta taɓa komai ba, wayoyi kawai ta zare ta naɗe. Har zan kashe sai ta ce, sai fa wani ɗan abu na Baba da ta gani a maƙale a baya, ta cire ta sa a cikin kayansa. Na ce wane abu na Baba? Ta ce mai igiyar fata mana, ai ko a cikin duhu ta shafa ƙullin Baba ta san shi.

Nan na zauna a kan bencin mai rediyo. Ƙa'idar aikin ita ce in manhaja ta zauna, sai a kwashe ɗan shirin daga filashi a mayar cikin faifai. Ni a raina na yi hakan tuntuni. Ashe murna ce ta ɗauke ni ban yi ba, shekara uku kwamfutar da nake taƙama da ita a kan filashin nan take tashi kullum.

Yayata ba ta yi laifi ba, abin da ake yi ta yi. In mutum ya rasu ana tattara duk abin da yake nasa, har allura, a kulle, ba mai taɓawa sai ranar rabon gado. An kulle kayan Baba a akwatinsa na ƙarfe, makullin kuma aka damƙa wa babban namiji da ya rage a gidan, wato Baffa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau babur na nufi ƙauye. Tafiyar ba ta da nisa, amma sau biyu ina tsayawa da niyyar juyawa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar ba ni ne na ɗaga masa murya a gaban mutane ba. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, ban ɓoye ba cewa abin da nake nema shi ne zai buɗe shaidar da zan kawo a kansa. In ya ce ba a buɗe kayan mamaci kafin rabo, ba wanda zai ga laifinsa.

Ya ajiye ƙotar ya ce, "Muryar yayana ce a ciki?"

Na ce, "Ita ce, Baffa."

Ya ce, "To je ka gaya wa liman ya shirya, da shi za mu, don kada a ce mun buɗe mu kaɗai."

Na bar babur a ƙauye, a mota muka dawo Daura mu uku. Baffa ya buɗe akwatin da bisimilla. Filashin na cikin aljihun wata tsohuwar rigar Baba, tare da carbinsa da makullan rumbu, duk ƙullinsu iri ɗaya. Na soka shi a inda yake, na danna. Farin rubutun ya zubo, ya wuce inda yake tsayawa, allo ya yi haske. Na so in bar kallon bidiyon sai gobe a gaban mai gari, amma kunya ta hana ni, na jawo wa Baffa kujera.

Ga Baba nan a gona da malafarsa, yana tafiya yana nuni da sanda, iska na kaɗa masa riga. Ya faɗi iyakar yamma, ya faɗi ta arewa. Da ya zo tsamiya sai ya tsaya ya juyo.

Ya ce, "Daga nan zuwa kunya shida na ƙanena ne. Aro ya ba ni shekarar da aka haifi wannan mai ɗaukar hoton, da ya ga bakuna sun yi mini yawa. Bai taɓa tambaya ba. In na riga shi, ku mayar masa, ku yi masa godiya." Sai ya yi dariya ya ce mini in daina ja da baya kada in faɗa a kan ƙaya.

Ni dai na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma ji godiya ta cika mini ciki, ga mai rediyo, ga yayata da ta san ƙullin ubanta, ga mutumin nan da na ci geron gonarsa tun ina cikin tsumma na tashi na yi masa rashin kunya. Na sauko daga kujera na durƙusa, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya ɗaga mini hannu, idonsa na kan allon. Maganar gona ko tayar da ita bai yi ba.

Ya ce, "Ɗana, mayar mini da shi baya kaɗan, wurin da ya yi dariyar nan."

Na mayar masa sau huɗu. Washegari a gaban mai gari ni na faɗi abin da Baba ya ce da bakina, ba a ko kunna bidiyon ba. Tuni na kwashe shirin zuwa cikin faifai, na kuma adana bidiyon a wuri uku, kwamfutar ba ta ƙara bukatar filashin ba. Ranar rabon gado liman ya ce filashin ai nawa ne, igiyar fatar ce ta mamaci, ya tambaya ko akwai magajin da ke son a kwance ta. Baffa ya ce a bar ta yadda yayansa ya ɗaure.