Amsa Biyar, Bar Uku

A zaure na koyi karatu tun kafin in san bencin makarantar boko. Mahaifina malami ne a Birnin Gwari, ba shahararre ba, amma duk bayan la'asar zaurenmu ba ya rasa magidanta riƙe da littattafansu. Dokarsa guda ce: ka fara daga bango, ka bi layi layi har ka kai ɗaya bangon, ba tsallake. Kuma ba kai za ka ce ka sauke ba, malam ne zai faɗa ranar da ya gamsu.

Da wannan tarbiyya na kama aikin akawu a baitulmalin En'e, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Wata rana ma'aji ya kira ni ya ce mataimakinsa zai ajiye aiki ƙarshen baɗi. Kujerar tawa ce in na ci jarrabawar akawun kuɗi da ake aikowa daga Ingila. In ban ci ba, za a kawo wani daga Zariya, in ci gaba da ɗaukar masa fayil. Ina son kujerar nan, ba na ɓoyewa.

Sau biyu ake zama jarrabawar a shekara, a Kaduna: ɗaya farkon damina, ɗaya da kaka. Kowace da nata ciwon kai. Da damina hanyar da ta ratsa daji takan lalace, mota ta kwana a laka fasinja na korar sauro. Da kaka kuwa lokacin haraji ne, ofishinmu ko sosa kai ba ka da sarari. Ga shi kuma sai ka yi rajista tun watanni kafin ranar. Wannan ya ɗaure mini kai. Ta yaya mutum zai san ranar da zai gama fahimtar abu tun bai fara ba?

Kayan karatu ma iri-iri ne. Akwai darussan da ake aikowa ta gidan waya cikin ambulan, amma namu sukan iso a makare, wani lokaci na huɗu ya riga na uku. Na raina su. Na aika direban motar kasuwa ya sayo mini wani ƙaton littafi a Kaduna, mai jan bango, wanda in ka jefi kare da shi sai an biya diyya. Da na auna shi a hannu sai na ji hankalina ya kwanta, na ce yanzu ne na ga littafi.

Na fara daga bango. Har gabatarwa da godiyar da marubucin ya yi wa matarsa na karanta. Kuma na ji daɗinsa ƙwarai, don cike yake da abubuwan mamaki. Akwai wani Bature a cikin misalan, kullum sayen gawayi yake yi a kan bashi. Na yi kwanaki ina tunanin mutumin nan: me yake dafawa haka? A wani babi kuma na tarar wai in za a sayar da kanti, har farin jinin kantin ana yi wa kuɗi. Da na gaya wa mahaifina, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce, "To, in mai kantin ya tashi da farin jininsa fa?" Na koma na duba, littafin bai ce komai ba.

Rajistar kakar bana ta zo ta wuce, ban kai ko sulusi ba. Ta damina ma ta wuce ina tsakiya. Ban damu ba, don a sanina wanda bai sauke ba ba ya gabatar da kansa.

Wanda ya tashe ni daga barci abokin aikina ne, mai kula da albashi, wani Kirista ɗan wani ƙauye wajen Kutemeshi. Ya girme ni sosai, ya kuma taɓa zama irin wannan jarrabawa. Ya leƙo teburina ya ce, "Ɗan malam, ka yi rajistar kaka?"

Na ce, "Ban sauke ba tukuna, yaya."

"Sauke me? Kaya ka ɗauka?"

Na nuna masa inda na sa tsinke a littafin. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ta kakar nan ita ta rage maka fa. Su masu jarrabawar nan ba su jiran kowa. Rana suke fara sawa, kai ka bi ta da gudu."

Washegari ya kawo mini tsofaffin takardun tambayoyi na shekarun baya, ɗaure da zare. Da farko na ƙi taɓawa, don a ganina leƙen asiri ne. Ya ce su masu jarrabawar da kansu suke bugawa su sayar. Na buɗe ta sama, idona ya faɗa kan layin farko: tambayoyi takwas ne, amsa biyar kawai. Na sake karantawa, na ɗauko ƙamus ko Turancina ne ya gaza. Haka ne dai, kuma kowace shekara haka.

Ranar na kai wa mahaifina labari kamar wanda ya ga abin al'ajabi a kasuwa.

Ya ce, "Wato sun yarda ka jahilci uku?"

"Haka suka rubuta, Baba."

"To, wa zai ce ka isa zama?"

"Ni da kaina."

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Je ka yi musu irin nasu."

Na yi rajista. Na baza takardun nan a tabarma, na ga wasu tambayoyi duk shekara sai sun dawo, riga kawai suke sakewa. Su na bi. Babi uku na ƙarshe, na hannun jari da cinikin ƙetare da rushe kamfani, na ɗaure su da zare don kada idona ya kai. Da na ɗaure sai na ji kamar na wuce dattawa ban gaishe su ba.

Kaka ta zo da hayaniyar haraji. Ina rubuta rasit da rana, ina karatu bayan asuba. Na shiga motar doya zuwa Kaduna, muka keta daji birai na tsallaka hanya. A ɗakin jarrabawa na amsa biyar ɗina, na ajiye alƙalami, na zauna ina kallon ukun nan su ma suna kallona.

Sakamako ya fito da rani. Na ci, ma'aji ya ba ni kujera. Na kai wa mahaifina satifiket da murnata. Ya juya shi gaba da baya, ya yaba kyawun takardar, sannan ya ce, "Ka sauke?"

Na ce, "Saura babi uku, Baba."

Ya miƙo mini abina. "Dukiyar jama'a za su damƙa maka a kan littafin da ba ka kai ƙarshensa ba. Kawo shi gobe bayan la'asar."

Haka na zama mataimakin ma'aji da safe, ɗalibi da yamma. Nakan zauna a layi bayan mai facin keke da wani mahauci, in jira a zo kaina. In karanta Turanci, in fassara da Hausa, shi kuwa ido a rufe, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci, amma in na yi sauri sai ya ce, "Maimaita." A babin rushe kamfani ya tsare ni kwana da kwanaki, yana son ya san wa ake fara biya, mai bin bashi ko ma'aikaci, kuma don me.

Ranar da na karanta layin ƙarshe, ya buɗe ido ya ce in rufe littafin. Ya dubi mutanen zaure ya ce, "Ku shaida, ya sauke." Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Ranar da satifiket ya zo ban yi hawaye ba, amma ran nan sai da na sunkuyar da kai ina share ido da hannun riga, mahauci na dafa kafaɗata yana cewa Allah ya sa albarka.