Ƙofar da Direba Ya Sani

A layinsu kowa matar Direba yake ce mata, ko da yake tana da sana'arta ta ɗinki. Mace ce mai tsafta da saurin fushi. Gidajen layin kuwa duk zubi ɗaya ne, ruwan toka, ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Wannan bai taɓa damunta ba, sai da mantuwa ta kama mijinta.

Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a tuƙin babbar mota, wanda ba hanyar da bai sani ba, shi ne yanzu zai fita sayen sabulu ya kasa gane gidansa. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. 'Ya'yansu da ke nesa suka bugo waya, wai a riƙa kulle shi.

"Ubanku ne fa, ba akuya ba," in ji ta, ta kashe wayar.

Washegari ta sayo fenti da buroshi, ta ɗaura tsohon zane, ta shafe ƙofar gida da rawaya mai kashe ido. Hannu ya yi daɗi, ta shiga ciki: ɗakin kwana shuɗi, banɗaki kore, kicin ja wur. Maƙwabta suka sha dariya. Mai shagon bakin layi har tambaya ya yi ko makarantar yara za ta buɗe. Kullum da safe sai ta tsayar da mijin a waje.

"Maigida, wace ƙofa ce tamu?"

"Mai rawaya."

Sunayen jikokinsa sun zube, amma wannan ya zauna daram a kansa.

Don ƙafarsa ta rage yawo, ta kafce 'yar ƙasar bayan gida, ta shuka tumatir da albasa da alayyafo, ta danƙa masa bokiti. Ya yi ban ruwa ya manta, ya sake yi, ya kuma sake. Tumatir ya ruɓe, albasa ta bi shi. Ba ta yi masa faɗa ba, ita da ba a zubar mata da ko cokalin ruwa a tsakar gida. Sai ta haƙa 'yar hanya a gefen lambun, ruwan ya riƙa sulalewa waje. Alayyafo ya yi kyau, shi kuma yana ta alfahari da shi.

Amma ɗan Adam, abin da ya yi wa dariya jiya shi yake kwaikwayo yau. Matar maƙwabci ta fente ƙofarta rawaya. Na kusa da ita ma suka bi. Rannan aka rako Direba daga gidan mutane, an same shi zaune a kujerarsu ya cire takalmi. Ta ga kunya a fuskarsa, ranta ya ɓaci matuƙa.

Zuciya ta ɗebe ta. Da hantsi, ya fita 'yar zagayawarsa, ta jawo ragowar jan fentin kicin ta hau ƙofar da shi tana mita. Su riƙe rawayarsu, tata dai za ta fita daban. Garin neman gira ta rasa ido, don ko kaɗan ba ta tuna cewa abu ɗaya tak ya rage masa ba.

Tana tsaye da buroshi a hannu ya dawo. Ya wuce ta. Ya tsaya a ƙofar maƙwabci, ya matsa ta gaba, ya dawo tsakiyar layi yana waige-waige, sabulu a hannunsa. Sannan ya nufo ta, ya ɗan rusuna.

"Baiwar Allah, sannu da aiki. Don Allah gidana nake nema, mai rawayar ƙofa. Matata tana jirana, kuma faɗa gare ta."

Ashe ita ma da ƙofar yake gane ta. Ta ajiye buroshin, ta goge hannu a zane, ta kama nasa.

"Na san gidan, Maigida. Zo in kai ka. Ta ce alayyafonka bai sha ruwa ba."