Kiryar Bayan Rumbu

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, ina noman albasa a fadamar da ke ƙasan Wurno, gefen gulbin Rima. Da rani muke yi, da jigo muke ban ruwa: ginshiƙai biyu kafe a bakin rijiya, itace ɗaya gicciye a kansu, sai doguwar sanda mai curin laka a gindi da guga a baki. Aikin ba wuya in jigon na tsaye. Nawa kuwa duk shekara sai ya faɗi, don ƙasar fadama danshi gare ta, abin da ruwa bai ruɓar ba gara ta cinye.

A bayan rumbun mahaifina akwai itatuwan kirya guda uku, kowanne ya fi tsawon mutum, an ɗora su kan duwatsu an rufe da tsohon zana. Tun ina ƙarami nake ganinsu. Wanda ya san kirya ya san ba itacen wasa ba ce. Cikinta ja ne mai duhu, in ka jefa ta ruwa nutsewa take. Gara ba ta cinta. Masassaƙa na tsine mata don tana dakusar da gizago, amma turmin da aka yi da ita sai jika ta gada, maƙera kuma ba su da gawayin da ya fi nata. A wajenmu ba a samunta kusa, sai an yi kwanaki a daji ta wajen Zamfara.

Ni dai a ganina tsoho ya ajiye dukiya yana kallo. Ban taɓa tambayarsa ba, don a lokacin gani nake duk gidan ba wanda ya kai ni dabara. Shekarar nan damina ba ta yi kyau ba, gero bai kai rabin rumbu ba, albasar nan ce za mu musanya da hatsi mu kai ga sabon amfani. Ana haka mahaifina ya tafi Rabah duba ƙanwarsa da ba ta da lafiya, jigona kuma ya sake faɗuwa, ganyen albasa ya fara kwanciya. Na ari jakin abokina, wanda gonarsa ke jikin tawa, muka yi sawu uku. Kwana biyu muna fama da gatari kafin mu fitar da gurbin da za a ɗora na gicciyen. Da muka kafa na ja guga, ginshiƙan ko gezau, na tsaya ina yaba kaina kamar ni na shuka kiryar.

Da yamma na iske mahaifiyata tsaye bayan rumbu tana kallon duwatsun.

"Ina iccen ga?"

"Na kai hwadama, Inna. Shekara da shekaru suna kwance ba su yi ma kowa komi ba."

"Ka san mi kaɗ ɗauka? Iccen kushewar babanka na."

Nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Shekarar da su mahaifina suka taso zuwa Wurno, ana cikin gina ganuwa, kakana ya rasu a hanya. Aka yi sauri aka rufe ramin da 'yan itatuwan sabara, aka zuba ƙasa, aka wuce. Bayan damina mahaifina ya koma ziyara, ya tarar kabarin ya rufta, har yana hango likkafani. Tun ranar abin bai bar zuciyarsa ba. Shi ya sa ya shiga daji da kansa ya ɗauko kiryar nan, don ranar da ta Allah ta kasance a yanka ta gunduwa-gunduwa a rufe shi da ita.

Kwana uku na yi ina cewa gobe zan tumɓuke su in mayar. Kullum in na je, sai in dubi albasar da ta fara miƙewa, in ce bari ta sha na yau. Har ya dawo ban cire ba.

Inna ta ce ita ba ruwanta, wanda ya ɗauka shi zai faɗa. Na same shi a zaure na durƙusa na faɗa masa, ina kallon tabarma. Sai da ya yi la'asar sannan ya ɗauki sandarsa.

"Mu tahi in gani."

Mun iske abokina yana jan jigon, ruwa na bin magudana zuwa fangalinsa. Mahaifina ya zagaya ginshiƙan, ya dafa ɗaya, ya jijjiga da ƙarfinsa. Ya shafa inda na sassaƙa.

"Wagga sassaƙa taka awa cizon jaki. Ka ɓata icce."

"Baba, gobe ina cire su in maido."

"Ka cire, albasa ta sha mi?"

"To kushewar hwa?"

Ya dubi ruwan. Sannan ya ce, "Ubana da tashi tar ruhta, babu kowa kusa, shi na abin da yac ci min rai. Ni ko, in tawa ta lotsa, ba kana nan ba? Sai ka ƙara ƙasa."

Ya juya ya kama hanyar gida, ni na biyo shi a baya.

Kada ku ɗauka tsoron ya bar shi. Inna ta gaya min daga baya cewa har ya bar duniya yakan zagaya bayan rumbu ya tsaya kan duwatsun nan. Bai sake samun ƙarfin shiga daji ba, ni kuma kullum ina cewa in an kwashe amfani zan je in ɗauko masa wata. Ban je ba, kuma wannan ita ce kunyar da har gobe nake ji. Da ya rasu, da itacen marke muka rufe shi.

Damina ta biyu kabarin ya lotsa, kamar yadda ya san zai yi. Na ɗauki kwando da fartanya na je na cike.

Jigon yana nan. An canza sanda ba adadi, guga kuwa ba a magana, amma ginshiƙan ko tsaga ba su yi ba, gidaje huɗu ke ban ruwa da shi yanzu. Mutane kan ce lada na isa ga mahaifina, ni ma ina fatan haka. Abin da na fahimta dai shi ne, ranar nan ba kyautar itace kawai ya yi min ba, aikin da ya tanadar wa kiryar ne ya ɗora a wuyana, alhali ya san ban kai ta ƙwari ba.

Yanzu gwiwoyina sun fara ƙin tafiya. Amma duk shekara in ruwan farko ya sauka, kafin in leƙa gona, maƙabarta nake fara zuwa da kwandona.