Tsamiyar Baba Tsoho da Baƙinta

Shekara shida ke nan da rasuwar kakana, wanda duk gidanmu a Samaru muke kira Baba Tsoho. Ya rasu a farkon damina, ina 'yar shekara goma. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malama ta kira sunana sau biyu kafin in buɗe baki. Amma bana na ga ya kamata in rubuta wani abu a kansa, domin saura ƙiris a sare bishiyar da ya fi so a duniya.

Tsamiya ce babba a tsakar gidanmu, ta girmi gidan kansa. Sunan mahaifiyar Baba Tsoho aka sa mini, shi ya sa "Uwata" yake kirana, kuma ba ya yarda a daka mini tsawa a gabansa. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya hana kowa sakat, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ya ce, "Uwata, zo ki tsare mini hanya, idonki ya fi nawa." Hanyar da muke tsarewa sama ce. Shamuwa muke jira, tsuntsayen nan masu baƙin baya, cikinsu kuma fari, da suke zuwa gab da damina su yi sheƙa a manyan bishiyoyi.

Yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba. Komai ƙarfin ruwan farko, ba ya shuka a gonarsa ta bayan gari sai shamuwa ta fara sheƙa. Yakan ce ruwan farko sallama ce kawai, baƙo bai zauna ba tukuna. Ita kuwa shamuwa ba ta da tsabtar aiki: in ta ɗauko tsinke biyu, ɗaya sai ya faɗo ƙasa. Tsinken farko da ya faɗo shi ne nawa aikin. In tsince shi in kai masa, ya duba shi kamar mai duba zinare, ya soka shi cikin ƙwaryar iri, sannan ya ɗauko sungumi. Maƙwabta da suka riga shi shuka sukan tsokane shi, su ce Malam yana jiran izini daga tsuntsu. Sai ya yi dariya har haƙorinsa ɗaya na gaba ya fito, ya ce sauri yakan haifi nawa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Samaru ta yau. Gonakin da muke ratsawa a kan kekensa sun zama ɗakunan ɗalibai. Rafin da yake wanke ƙafa in mun taso gona, leda ta cika bakinsa. In aka ɗauke wuta, janareto ya ɗauka daga kowane lungu, ga bola ana ƙonawa, hayaƙi ya tsaya a kan unguwa ya ƙi tafiya. Ruwa kuma ya zama ba alƙawari. Ya sauko da wuri, mutane su yi shuka, ya ɗauke har tsiro ya ƙone, daga baya ya dawo da ƙarfi ya cika kwata ya shiga ɗakuna.

A makaranta an koya mana cewa hayaƙin da mutane ke turawa sama yana riƙe zafi, shi ke ɗumama duniya yana rikita damina. Ranar da malama ta yi bayanin, na tuna Baba Tsoho ya taɓa kai ni ƙofar madafar Umma ya nuna mini kunkunniyar da ta baƙanta rufin. Ya ce, "Uwata, sama ma rufi ce. Kowa na hura wuta a ƙarƙashinta, ba mai sharewa." Na so in faɗa a aji, kunya ta hana ni. Na dai rubuta a bayan hannuna, har ya goge.

Ba zan ce dabararsa ba ta kuskure ba. Bayan rasuwarsa akwai shekarar da shamuwa ta zo, Abba, wato mahaifina, ya yi shuka, ruwa ya ɗauke duk da haka. Su ma tsuntsayen yanayin ya ruɗe su. Da Baba Tsoho na nan, na tabbata zai ce ko liman yakan yi mantuwa a salla, ya kuma kunna rediyonsa ya saurari masu hasashen yanayi, ya haɗa nasu da na tsuntsunsa. Abin da ya fi damuna shi ne raguwarsu. A da, rassan tsamiyar baƙi ƙirin suke yi da su. Bara ko ɗaya ba ta sauka ba.

Wannan ne ya ba Abba hujja. Muna da ɗalibai 'yan haya a ɗakunan gaba, kuma ya daɗe yana son ƙara huɗu a tsakar gida, domin mu yara muna girma, ɗawainiya na ƙaruwa. Tsamiyar ce ta tsaya daidai inda ginin zai bi. Ya ce masu ita sun daina zuwa, a sare ta a huta. Umma ta kawo maganar kunun tsamiya, ɗalibai suka ce nan ne laburarensu in zafi ya kore su daga ɗaki, amma ya riga ya yanke shawara. Ya je Sabon Gari ya yi magana da Oga Chidi mai injin yanka itace, suka sa ranar Asabar. Na dai riƙa share gindinta fiye da yadda take buƙata.

Ranar Asabar ɗin da safe ina shara, na ga wani tsinke a ƙasa. Busasshe ne, fari-fari, ba na tsamiya ba. Na ɗaga kai. Shamuwa biyu ne can a reshen gabas, ɗaya tana tsaye da ƙafa ɗaya kamar ba abin da ya dame ta. Na rasa yadda zan faɗa wa Abba. Da Umma ta ba ni farantin karin kumallonsa in kai masa, sai na ajiye tsinken kusa da kofin kunu, na fito da sauri. Na leƙa ta labule na ga ya ɗauka yana juya shi. Kunun har ya huce bai sha ba.

Oga Chidi ya iso da injinsa a cikin adaidaita. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya zagaya bishiyar, ya ɗaga kai, ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Alhaji, ai ba ka ce mini da baƙi a gidan ba."

"Yau suka sauka," in ji Abba.

"To ni dai injina ba ya tayar da mai jego. In kana so in dawo bayan damina, sai in dawo. Amma tsakani da Allah, a Sabon Gari yanzu inuwa irin wannan, sai dai mutum ya fake a bayan tirela."

Abba ya tsaya yana kallon sama. Can ya ce, "Kada ka dawo." Oga Chidi ya sha ruwan randa, Umma ta ɗaure masa tsamiya ya kai wa matarsa, ya tafi yana cewa yau ya yi aikin da ya fi kowanne sauƙi.

An yi ginin, amma ɗaki uku aka samu, kuma bangon ya lanƙwasa ya kauce wa saiwoyin. Magini ya yi ta mita, wai za a ce bai iya aiki ba. Ban sani ba ko shamuwar za su dawo baɗi, tsamiya ɗaya kuma ba za ta gyara damina ba. Amma in sun dawo za su tarar da wurin sauka.

Baba Tsoho bai bar dukiya ba, rabin gonarsa ma gini ya cinye. Abin da ya bari shi ne ɗaga kai. Abba, wanda a da yake fita yana kallon wayarsa, yanzu sai ya tsaya a tsakar gida ya duba sama kafin ya sa takalmi. Allah Ya jiƙan Baba Tsoho, Ya sa inuwarsa ta can ta fi ta nan sanyi.

Makon jiya wani ɗalibi ya kawo ƙara, riƙe da farar rigarsa da ya shanya, tsuntsu ya yi mata ado.

"Alhaji, gaskiya tsuntsayen nan sun dame mu. A kore su mana."

Abba ya dubi rigar, ya danne dariya, ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, ka sauya wurin shanya. Sun riga ka kama ɗaki a gidan nan."