Nababa Mahauci da Hoton Cikinsa

Shekara talatin Nababa yana fawa a kasuwar Kakangi, kuma a faɗarsa babu abin da Allah ya ajiye a cikin ciki wanda bai taɓa riƙewa da hannunsa ba. Maɗaciyar akuya kuwa ido rufe yake fizge ta, ko ɗigo ba ya taɓa hanta. Ana cikin yaƙin basasa sai tasa maɗaciyar ta cika da tsakuwa, likitoci suka cire ta a wani asibiti a Kaduna. Ya dawo yana nuna wa mutane ɗinkin, yana cewa da shi ne, rabin wannan yankan ya isa.

Bayan wata uku idanunsa suka koma rawaya, jiki na ƙaiƙayi, zazzaɓi na zuwa yana komawa. Matarsa Saude ta tasa shi gaba har bakin motar Kaduna. Can aka yi masa allurar wani ruwa a jijiya, aka ɗauki hoton cikinsa, aka ce ya kai wa likita. Layin likita har waje. Gwanin namu ya ɗaga hoton sama, ya ga haƙarƙari, ya ga ƙashin baya, komai a mazauninsa.

"Ni za a nuna wa kayan ciki?" in ji shi. "Shawara ce, saiwa za ta kore ta."

Ya hau mota ya dawo gida. Hoton ma bai tashi a banza ba, Saude ta toshe tagar ɗaki da shi saboda feshin ruwa.

Naomi ungozoma, wadda ta taɓa aiki a asibitin mishan, ita ta hango hoton ranar da ta zo dubiya, rana na dukan tagar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa kan wani ɗan tabo kamar ƙwayar wake.

"Baba, tsakuwa ce ta rage ta toshe hanyar ɗacin. Yaushe aka ɗauki wannan?"

"Tun shuka," in ji Saude. Dawa kuwa har ta fid da kai.

Nababa ya jawo jiki, ya ƙura wa tabon ido, tsoro ya kama shi.

"Na gan shi," ya ce a hankali. "Na ɗauka datti ne."

Aka yi shirin mayar da shi Kaduna, amma ruwa ya cinye gada, mota ba ta shigo Kakangi ba sai bayan kwana shida. Ta iso ana dawowa daga maƙabarta, an binne Nababa.