Awa Biyar Tsakanin Kano da Jidda

Shekarar da Inna za ta tafi Umara, na zo Fagam daga Birnin Kudu, inda nake koyarwa, na tarar ta raba awakinta kaf. Jar akuyar ta ba ƙanwarta, sauran ta ba jikoki. Har turmin da ba ta yarda kowa ya taɓa ya koma gidan maƙwabta. Kwana uku tana bi gida-gida tana neman gafara, yadda kakanta ya yi kafin ya kama hanyar Makka a ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ciro waya na nuna mata taswira: ga filin jirgin Kano, ga na Jidda, ga layi a tsakani.

"Inna, awa biyar ne fa. Wanda ya hau motar Legas ya fi ki shan wahala."

Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta ce, "Zango nawa ne?"

"Babu zango. Tashi ɗaya, sauka ɗaya."

"To in mutum ya gaza a hanya, ina ake ajiye shi?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na ga ta dafe ƙirji kafin ta miƙe, na ce a raina zama ne ya yi mata yawa.

A filin jirgin Kano ta riƙe mini wuyan hannu. Tafinta sanyi ƙalau.

"Kowa na roƙa ya yafe, saura kai. Mu yafi juna."

"Haba Inna, sai ka ce ba za a dawo ba! Ajiye, in kin dawo ma yi."

A ganina ƙarfafa mata gwiwa nake yi. Ta sake ni, ta ce, "To, Allah ya kai mu."

A motar komawa ina ta bin ɗan hoton jirgin a waya yana rarrafe. Wajen Kangire sabis ya ɗauke, jirgin ya tsaya cak a tsakiyar hamada. Nan tsoro ya fara kama ni, na dinga girgiza wayar kamar ita ce mai laifi. Can da yamma ta nuna sun sauka lafiya. Na kira ƙanwar Inna ina cika baki: "Ban gaya muku ba?"

Bayan mako guda wata baƙuwar lamba ta kira ni. Jagoran tafiyarsu ne. Gaisuwarsa ta yi tsawo, ya tambayi iyali har sau biyu, sannan ya ce ko akwai wani babba a kusa da ni.

Lissafina bai yi ƙarya ba. A awa biyar ɗin nan jirgi ya dawo da jakarta da jarkar zamzam. Wurin zaman makoki a Fagam, duk wanda ya zo sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mun yafi juna kafin ta tafi." Ni da ta haifa da cikinta, ni kaɗai ne ba ni da abin cewa.